Awon Wahala: Kalmomin Ingilishi Masu Kama da Juna a Gaban Alƙalan Washington

Ranar 29 ga watan Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Gerald Groff, mai raba wasiƙu a karkarar jihar Pennsylvania. Groff Kirista ne da ba ya aiki ranar Lahadi. Da hukumar gidan waya ta fara kai kayan kamfanin Amazon ranar Lahadi, sai aka yi ta sa sunansa a jerin masu fita yana ƙin zuwa, ana yi masa horo, har ya ajiye aikin a 2019 ya kai ƙara. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, sai fa idan yin hakan zai jefa harkarsa cikin abin da dokar ta kira “undue hardship”. A kan kalmomin nan biyu shari'ar ta rataya. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin da yawun alƙalan tara duka, sai da ya jera ƙamus bayan ƙamus kafin ya tsayar da magana cewa “hardship” ta fi “burden” tsanani, kuma idan an gabatar mata da “undue” ta zama abin da ya wuce kima.

Ɗalibin Turanci a Kano ko Zariya, in ya buɗe ƙaramin ƙamus, yana iya tarar da kalmomin biyu a ƙarƙashin fassara guda, wato wahala. Haka zai tarar da “difficult” da “arduous” da “onerous” duk an ce masa “mai wuya”. Ƙaramin ƙamus ba shi da filin da zai yi fiye da haka. Amma a Washington da kewayenta, inda ake rubuta dokokin tarayya ake kuma fassara su, tazarar da ke tsakanin kalmomin nan ita ke yanke ko ma'aikaci zai samu zuwa Masallacin Juma'a, ko uba zai ci gaba da kwana gida ɗaya da 'ya'yansa.

Yawan kalmomin daga tarihi ya samo asali. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na riƙe da coci da makaranta, Ingilishin gargajiya ya tsaya a bakin talakawa. Daga wannan zama harshen ya fito da kalmomi hawa-hawa a kan ma'ana guda. “Hard” da “burden” 'yan gida ne. “Difficult” da “arduous” da “onerous” da “laborious” baƙi ne daga Latin, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci. Kalmomi ba sa daɗewa a kan ma'ana ɗaya ba su raba gado ba, don haka kowace ta ja nata kason. Rarrabe su har ya zama fanni: George Crabb ya wallafa littafinsa na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1816, Peter Mark Roget ya fitar da nasa kundin a 1852, kamfanin Merriam-Webster ya buga ƙamus na musamman a kan haka a 1942.

A ganina hanyar da ta fi warware su ita ce a tambayi inda wuyar take zaune. Akwai kalmomin da ke ajiye ta a jikin aikin kansa. “Hard” ita ce uwa, tana shiga ko'ina, daga fasa dutse har zuwa haƙuri da rashi. “Difficult” ta fi karkata ga abin da ke buƙatar dabara ko ƙwarewa, kamar ƙullin da sai an zauna an kwance. “Arduous” daga kalmar Latin mai nufin tudu mai tsayi ta fito, kuma har yau tana ɗauke da wannan hoto: doguwar tafiya, ƙoƙari mai ɗorewa, da wata daraja ga wanda ya kai ƙarshe. Tafiyar alhazan zamanin da zuwa Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, da wannan kalma Bature zai siffanta ta. “Laborious” aiki ne mai cin lokaci da ake yi kaɗan-kaɗan, “strenuous” mai neman ƙarfin jiki a take, “grueling” kuwa wanda ke tatse mutum har ya yi laushi. Duk cikinsu babu wadda ke zargin kowa. Tudu tudu ne, ba wanda ya gina shi don ya cuce ka.

Kashi na biyu shi ne ya fi aiki a Washington. “Burdensome” da “onerous” da “oppressive” suna nuna cewa akwai wanda ya ɗora. Asalin “burden” kaya ne da ake ɗauka, “onerous” ma daga kalmar Latin mai nufin kaya take, sai dai ta fi zama a bakin lauyoyi, tana raka sharuɗɗan kwangila da haraji da bashi, kuma duk inda ta fito akwai ƙorafi a cikinta. “Oppressive” ta haye zuwa zalunci. “Cumbersome” ta ɗan ware: ba nauyin abin ake kuka da shi ba, rashin daɗin sarrafa shi ne, irin tsarin da sai an bi ofis bakwai kafin a samu sa hannu ɗaya. Wanda ya saurari muhawarar Majalisar Dokokin Amurka a kan wata ƙa'ida ta muhalli ko ta banki zai ji masu adawa da ita suna cewa “burdensome” ko “onerous”, masu goyon bayanta suna cewa “rigorous” ko “stringent”. Ƙa'idar ɗaya ce, wuyar bin ta ɗaya ce. Siffar da mai magana ya zaɓa ce ke gaya maka ɓangaren da yake. Mai fassara labarai da ya mayar da duka huɗun “mai wuya” ya goge rigimar baki ɗaya, alhali Hausa tana da “mai tsauri” ga masu yabo, tana da “mai takura wa jama'a” ga masu suka. Wannan matsala ce ta kullum ga duk wanda ke juya labaran Washington zuwa Hausa, aikin da Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara a 1979.

Hausa ba ta gaza Ingilishi wajen rarrabewa ba, ta wata ƙofa take bi. Inda Ingilishi ya tara siffofi, Hausa ta tara sunaye, kowanne da aikatau ɗin da ke tafiya da shi. Ana shan wahala, ana ɗaukar nauyi, ana shiga ƙunci, ana yin ɗawainiya, ana fama da jidali. Aikatau ɗin ne ke nuna matsayin mutum: mai shan wahala abin ya shige shi, mai ɗaukar nauyi yana tsaye a ƙarƙashinsa kuma yana iya saukewa, wanda ya shiga ƙunci an kewaye shi. Akwai kuma wurin da harsunan suka yi hannun riga. Nauyi a Hausa ba lalle abin ƙi ba ne. Mutum yana alfahari da ɗaukar nauyin iyayensa, ɗawainiya da marar lafiya abin lada ce. Bature in ya ce tsohuwarsa ta zama “burden”, ya faɗi magana mai muni. Saboda haka fassara “burden” da nauyi daidai ce a wani wuri, a wani wurin kuma tana wanke kalmar daga ɗacin da ke cikinta.

Gwamnatin Amurka ta mayar da “burden” abin ƙidaya. Dokar rage cike-ciken takardu, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1980 aka sabunta ta a 1995, ta fassara kalmar da lokaci da ƙoƙari da kuɗin da mutum ke kashewa wajen ba hukuma bayani. Shi ya sa fom ɗin gwamnatin tarayya, na haraji ko na biza, kan zo da ƙiyasin mintoci ko sa'o'in da cika shi zai ci, kuma jimillar da ake lissafawa takan kai wajen sa'o'i biliyan 10 a shekara. Pamela Herd da Donald Moynihan, waɗanda suka koyar a Jami'ar Georgetown, sun nuna a littafinsu na 2018 cewa agogo bai kama dukan abin ba: akwai wahalar gano cewa kana da haƙƙi, akwai wahalar cika sharuɗɗa, akwai kuma ƙasƙanci da fargabar da ke tattare da nema. Sun ƙara da cewa sau da yawa da gangan ake ɗora ta, don a rage masu zuwa.

“Hardship” ita ce ta fi kowace tarihi mai zafi. A 1972 Sanata Jennings Randolph na jihar West Virginia, wanda cocinsu ke hutun ibada ranar Asabar, ya sa aka yi wa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 gyaran da ya kawo wajabcin sassauta wa ma'aikaci saboda addini. Majalisa ta rubuta “undue hardship” ba ta ce ga ma'anarta ba. Shekara 5 bayan haka shari'ar Larry Hardison ta iso Kotun Ƙoli. Ma'aikaci ne a sashen ajiyar kaya na kamfanin jiragen sama na TWA a Kansas City, an kore shi don ya ƙi aiki ranar Asabar. A hukuncin 1977, wanda alƙalai 7 suka goyi baya 2 suka ƙi, mai shari'a Byron White ya rubuta jimlar da ta zama ƙarfen ƙafa: duk abin da zai sa kamfani ya kashe fiye da “de minimis”, wato ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya zama “undue hardship”. Mai shari'a Thurgood Marshall ya ƙi yarda. Ya nuna shakkar cewa Ingilishin yau da kullum zai ɗauki wannan fassara, ya kuma lissafa cewa abin da TWA za ta kashe dala 150 ne na wata 3.

Marshall ne ke da gaskiya ta fuskar harshe, kuma ba sai mutum ya zama lauya zai gane haka ba. Kalmar da ke nufin tsananin da ake jurewa da ƙyar, an ƙara mata siffar wuce kima, ba za ta koma ma'anar ɗan abu kaɗan ba sai an murɗe ta. Duk da haka ƙananan kotuna da dama sun yi shekara 46 suna aiki da wannan jimla. Waɗanda abin ya fi ci su ne mabiya addinan da ranakunsu da shigarsu ba su dace da tsarin aikin ƙasar ba: Musulmi mai neman sa'a guda ranar Juma'a, mace mai hijabi, ɗan Sikh mai rawani, Bayahude da ɗan cocin Adventist masu kiyaye Asabar. Ranar Lahadi dama hutu ce a yawancin ma'aikatu, don haka mafi rinjaye ba su cika jin zafin ba. A shari'ar Groff ƙungiyoyin waɗannan al'ummu, har da ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka mai hedikwata a Washington, sun shigar da bayanai, kuma hukuncin ya ambace su.

Wani abu ya ƙara fito da murɗiyar fili. A 1990 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a dokar kare naƙasassu, wadda ita ma ta yi amfani da “undue hardship”, amma a nan Majalisa ta fassara ta da kanta: abin da zai jawo wuya ko kashe kuɗi mai yawa, gwargwadon girman ma'aikatar da ƙarfinta. Daga 1990 zuwa 2023 kalmomi biyu iri ɗaya suna cikin dokokin aiki biyu na ƙasa ɗaya, ɗaya tana nufin babban abu, ɗaya tana nufin ƙanƙani. Kotun ta 2023 ba ta ce ta soke hukuncin Hardison ba. Cewa ta yi an yi masa gurguwar fahimta, domin a cikinsa an maimaita kalmar “substantial”, kuma ita ce ma'aunin gaskiya: sai mai kamfani ya nuna ƙarin kashe kuɗi mai kauri idan aka auna da irin harkarsa. Ta ƙi ɗauko lafazin dokar naƙasassu kacokam kamar yadda lauyoyin Groff suka nema, ta kuma fayyace cewa ƙyamar da abokan aiki ke yi wa addinin mutum ba ta shiga lissafin wahala. Ba ta ce Groff ya ci shari'a ba, mayar da ita ƙasa ta yi a sake awo.

Idan kayan a kan mai ibada yake, doka takan koma ga “burden”. Dokokin 'yancin addini na 1993 da 2000 sun hana hukuma ɗora wa ibadar mutum “substantial burden” ba tare da hujja mai ƙarfi ba. Da wannan Gregory Holt, fursuna Musulmi a jihar Arkansas da ake kira Abdul Maalik Muhammad, ya ci nasara a 2015 a kan barin gemu na rabin inci. Ƙaramar kotu ta ce ai an ba shi dardumar salla, an bar shi ya kiyaye abincinsa da ranakun idinsa. Kotun Ƙoli ta ce wannan ba amsa ba ce: tilasta masa zaɓi tsakanin aske gemu da fuskantar horo nauyi ne mai kauri, ko da an sauƙaƙa masa a wasu wuraren.

Sai dokar shige da fice, inda siffofin suka zama matakala, kuma nan ne abin ya fi shafar mutanenmu. Wanda ya daɗe a ƙasar bayan ƙarewar wa'adin zamansa sannan ya fita, dokar 1996 ta hana shi dawowa na shekara 3 ko 10, sai in ya nuna cewa matarsa ko mijinta ko mahaifi, ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, zai shiga “extreme hardship”. Wahalar 'ya'ya ba ta tsayawa da ƙafarta a wannan neman. Likita ko malamin jami'a da ya zo da bizar musaya ta J-1, aka sharɗanta masa komawa gida na shekara 2, ɗaya daga hanyoyin ɗage sharaɗin ita ce nuna “exceptional hardship”. Wanda kuma aka riga aka gurfanar don a tasa ƙeyarsa, ba shi da takardar dindindin, yana neman a soke korar, sai ya cika shekara 10 a ƙasar, ya zama mai kyakkyawan hali, sannan ya nuna “exceptional and extremely unusual hardship” ga mata ko miji ko mahaifi ko ɗa. Kafin 1996 shekara 7 ake nema, da “extreme hardship” kawai, kuma wahalar shi kansa mai neman tana shiga lissafi. Majalisa ta cire shi daga lissafin, ta ɗaga matakalar, ta kuma ƙayyade masu samu ga mutum 4,000 a shekara.

Hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice, wadda ke zaune a Falls Church ta jihar Virginia, ita ta ba wa dogon lafazin nan jiki a shari'u uku. A ta Monreal a 2001, wani ɗan Meksiko da ya shigo tun yana yaro, mai 'ya'ya 3 'yan ƙasa, bai samu ba. Hukumar ta ce dole wahalar ta zarce nesa ba kusa ba wadda aka saba gani idan an kori ɗan uwa na kusa, ko da yake ba sai ta kai abin da lamiri ba zai ɗauka ba. A ta Andazola a 2002, uwa mai 'ya'ya 2 'yan ƙasa ta kafa hujja da raguwar ilimi da abin hannu da za su tarar a Meksiko, alƙalin farko ya amince, hukumar ta soke. A ta Recinas, cikin shekarar, uwa mai 'ya'ya 6, huɗu 'yan ƙasa, ba miji, ba dangi na kusa a Meksiko, yaran ba su iya Sifaniyanci sosai ba, ta samu, amma hukumar ta yi gargaɗin cewa shari'arta a bakin iyakar ɗan siririn filin da ake amincewa take.

Abin lura shi ne wurin da awon ya fara. Rabuwar uba da 'ya'yansa, rushewar sana'a, cire yaro daga makarantarsa zuwa ƙasar da bai sani ba, duk wannan shi ne “ordinary”, sifili ke nan, daga samansa ake fara ƙirga. In aka ajiye wannan kusa da dala 150 ta TWA sai a ga kasuwar da ake saye da babban mudu ana sayarwa da ƙarami. Adalci ne a ce alƙalan Falls Church lafazin da Majalisa ta rubuta suke bi, kuma Majalisa da saninta ta tsaurara shi. Amma wannan bai rage komai daga abin da kalmomin ke nunawa ba: tsawon siffofin da aka jera a gaban “hardship” yana bin ƙarfin wanda ke kuka ne, kamfani aka ba wa gajere, baƙo aka ba wa dogo.

Almajirin fiƙihu ba baƙo ba ne a wannan fage. Izzuddin ɗan Abdussalam da ɗalibinsa Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, sun raba mashaƙƙa gida biyu. Akwai wadda ibada ba ta rabuwa da ita, kamar alwala cikin sanyi da azumi a doguwar rana mai zafi, wannan ba ta sauke farilla. Akwai wadda ke zuwa daga waje, ita kuma hawa uku ce: mai tsanani kamar tsoron halaka ko rasa gaɓa, mai sauƙi kamar ɗan ciwon yatsa, da ta tsakiya wadda ake riskar da ita ga wadda ta fi kusa. Ƙarafi ya lura cewa ma'aunin yana sauyawa daga ibada zuwa ibada, gwargwadon muhimmancinta. Tsarin tunanin ya yi kama da na Falls Church ƙwarai, har da ware wahalar da aka saba. Inda suka rabu shi ne abin da ke motsa ma'aunin. A wurin Ƙarafi girman abin da za a bari ne, mai sallar kuwa ko sarki ne ko bawa awonsa ɗaya.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mai magana da Hausa. A kotunan shige da fice, irin ta Hyattsville a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, yankin da 'yan Nijeriya ke da yawa, gwamnati ce ke kawo tafinta, kuma abin da tafinta ya faɗa da Ingilishi shi ke shiga kundin shari'a. Doka tana son mutum ya zauna ya zayyana, dalla-dalla, yadda matarsa za ta tagayyara da yadda ciwon ɗansa zai tsananta. Tarbiyyar Bahaushe kuwa akasin haka ta koya masa. A tambaye shi jikin marar lafiya, ko yana gargara, “da sauƙi” zai ce. A tambaye shi yadda iyali za su yi bayansa, “Allah zai rufa asiri” ne zai fara fitowa, domin faɗin akasin haka kamar yanke ƙauna ne da yi wa kai mugun baki. Tafintan da ya juya “da sauƙi” zuwa Ingilishin da ke nufin yaron yana samun lafiya bai yi ƙarya a lafazi ba, amma ya sauko da iyalin daga saman matakala zuwa ƙasanta. Haka in mai ba da shaida ya ce “za su sha wahala”, kalmar tana iya zama “hard time” ko “hardship” ko “suffering”, kuma ukun ba mataki ɗaya suke ba. Nauyin lauya ne ya gane wannan tun kafin ranar zama, ya nemo takardun asibiti da na makaranta da za su faɗi abin da bakin mutum ba zai faɗa ba.

Ranar 19 ga Maris 2024, a shari'ar Situ Wilkinson, ɗan Trinidad da Tobago mai ɗa ɗan ƙasa da ke fama da ciwon asma, Kotun Ƙoli ta bakin mai shari'a Sonia Sotomayor ta ce kotunan tarayya suna da hurumin duba ko abin da aka tabbatar ya kai matakin “exceptional and extremely unusual”. Ƙofa ce da a wasu yankunan ƙasar take rufe a da. Sai dai hukuncin ya bar ainihin abubuwan da alƙalin farko ya tabbatar a wajen wannan hurumi, kamar gaskiyar mai shaida da tsananin ciwon ɗan uwa. Idan an rubuta a zaman farko cewa jikin yaron da sauƙi, kotun tarayya ba ta da ikon canza wannan layi.